Akuya da Rumbu a Ƙofar Kabuga

Wanda ya ke so ya fita birnin Kano ta yamma, ya kama hanyar Gwarzo, ta Ƙofar Kabuga ya kan bi. A yau wurin ya cika da motoci da kantuna da makarantu, har baƙo ya kan wuce bai san ya ƙetare ganuwa ba. Galibin mutane abu guda suka riƙe game da wannan ƙofa, watau ta nan ne sojan Turawa suka shiga Kano ran 3 ga watan Fabrairu, 1903. Wannan gaskiya ne, amma fa aikin yini ɗaya ne. Akwai wani aiki da ƙofar ta yi wajen shekara ɗari uku da hamsin, safe da maraice, rani da damina, wanda ba a cika ba da labarinsa ba. Ta cikinta awaki da tumaki su ke fita kiwo, ta cikinta harawa da ciyawa su ke shigowa, ta cikinta kuma jakai su ke fitar da taki zuwa gonaki. Abincin gidaje da yawa, na cikin birni da na karkara, a kan wannan shige da fice ya dogara.

Ganuwar Kano ba a rana ɗaya aka gina ta ba. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wajen farkon ƙarni na 12, sa'an nan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara mata faɗi. Ɓangaren da Kabuga ta ke ciki kuwa sai a zamanin Muhammadu Nazaki, tsakanin 1618 da 1623. Yadda labarin ya zo, Sarki ya fita yaƙi ya bar Wambai Giwa a gida saboda rashin lafiya. Da Wambai ya sami sauƙi sai ya nemi abin da zai yi ya faranta wa Sarki rai, mutanensa suka ba shi shawara ya ƙara wa birni girma. Ya karɓi shawarar, ya ja ganuwa ta Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga, har ta tarar da Kansakali. An ce kowace safiya ya kan kawo wa ma'aikata ƙwarya dubu ta abinci da shanu hamsin, har aikin ya ƙare. Ya kuma yanka shanu ɗari a kowace ɗaya daga cikin ƙofofin nan huɗu. Kabuga ta sami nata ɗari.

Mai yiwuwa ne marubucin tarihin ya ƙara gishiri a lissafinsa, gama haka masu ba da labarin manya su kan yi. Amma ko an raba adadin biyu, ya isa ya nuna shanu ba su yi wa Kano wuya ba a wancan zamani. Abin da ya fi wannan dacewa a duba shi ne abin da Wambai ya kewaye da ganuwar. Ba unguwanni ya kewaye ba, fili ne. Mutum ya tambaya, me ya sa za a kashe dukiya mai yawa haka a kan ƙasar da ba kowa a cikinta? Amsar tana cikin abin da ya faru a zamanin uban Nazaki, watau Muhammadu Zaki. A lokacinsa Kwararrafa suka zo suka ci ƙasar, har mutanen birni suka fita suka nufi Daura. A lokacinsa kuma aka yi yunwar da tarihin ya ce ta kai shekara goma sha ɗaya. Mutanen da suka ga wannan da idonsu sun san ganuwar da ta tsare ɗaki ba ta tsare gona da garke ba, rabin aiki ta yi. In abokan gaba suka kewaye gari, ba sai sun fasa ƙofa ba, zama kawai za su yi su bar yunwa ta yi musu yaƙin.

Filin nan ya daɗe yana fili. Baturen Birtaniya Clapperton, da ya zo Kano cikin 1824, ya kimanta gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Barth, Bajamushen nan da aka sani da suna Abdulkarim, ya zo cikin 1851, shi ma ya tarar da gari a tattare wuri ɗaya, ga fili fetal ta yamma, kewayen Goron Dutse. Ya kimanta mazauna birnin wajen mutum 30,000 ne, ban da baƙin da fatauci ke kawowa da rani. A cikin wannan fili a ke noma gero da dawa, a nan dabbobi ke kiwo bayan an girbe, su sha ruwa a kududdufan da aka haƙa wajen ɗiban ƙasar gini. Kowace ƙofa da sarkinta, a buɗe da hantsi ko kafinsa, a rufe da faɗuwar rana. In labarin hari ya zo, mutanen ƙauyukan kusa su kan koro dabbobinsu su shigo, su sami wurin da za su tsaya har ƙura ta lafa.

Ɗan Nazaki, Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ne Tarihin Kano ya ce ya fara karɓar jangali daga Fulani. Ya karɓi shanu ɗari daga Jahunawa, saba'in daga Ba'awa, da sauransu ƙasa da haka. Da shanun suka taru sai ya naɗa wani bawansa ya lura da su, ya ba shi sarautar Sarkin Shanu. Daga nan mai karatu zai gane hannun da saniya ta ke. Dukiyar Fulani ce, da sarakuna, da attajirai. Tana son fili mai faɗi da ruwa mai yawa, ga shi sai ta yi wata tara kafin ta haifi ɗa guda. Talakan da ke zaune a gefen birni, wanda gonarsa ba ta wuce a kewaye ta da 'yar tafiya kaɗan ba, ba shi da inda zai ajiye ta.

Dabbar talaka ita ce akuya, sai tunkiya, sai kaji, sai jaki in Allah ya hore. Akuya wata biyar ta ke yi ta haihu, sau da yawa kuma tagwaye ta kan zubo. Ba ta raina abinci: dusar da aka fitar wajen surfe, ƙasarin da aka wanke tsaba, kowar wake, ganyen itace, 'ya'yan gawo da ke zubowa da rani, duk ta ci ta gode. A ba ta 'yar kanwa lokaci lokaci, shi ke nan. Galibin awakin da ke gidajen Hausawa kuwa na mata ne. Wata ta gada, wata an ba ta a gidansu sa'ad da za a kai ta ɗakin miji, wata ta tara ribar ƙuli ko fura ta saya. Wadda ba ta da ko ɗaya ta kan karɓi kiwo a hannun 'yar'uwa ko ƙawa, ta lura da uwar, in ta haihu a ba ta rabonta cikin 'ya'yan, da haka har ta kafa nata turken. Shari'a kuwa ta tsare mata wannan dukiya, mai gida ba shi da ikon ya sayar da akuyar matarsa sai da yardarta. Malamai sun faɗi cewa zakka ba ta hawa kan awaki da tumaki sai sun kai arba'in, gidaje ƙalilan ne kuwa su ke da rabin haka. Saboda haka dukiya ce da ba ta kai nisabi ba, ba ta kuma cika shiga bakin maroƙa ba, amma ita ke fitar da gida kunya ran suna, da ran da ciwo ya faɗo, da ran da aka zo karɓar haraji.

Amfanin da ya fi nama da kuɗi girma kuwa shi ne taki. Ƙasar da ke kewaye da Kano jigawa ce mai yashi, ba ta da ƙarfin da za a yi ta nomanta ba hutu. A ƙasashen da fili ya ke da yawa, in gona ta gaji sai a bar ta ta yi saura, a sari sabuwa. A gefen Kano mutane sun yi yawa ƙwarai, ba saura, ba daji, gona tana manne da gona. Duk da haka kowace shekara a kan shuka, a kan kuma girbe, tun kaka da kakanni. Asirin abin a turke ya ke. Da ruwa ya sauka aka yi shuka sai a ɗaure dabbobi cikin gida, kada su yi ɓarna, yara su riƙa yiwo musu ciyawa. Kashinsu da fitsarinsu da ragowar ciyawar su taru wuri guda, a haɗa da toka da sharar tsakar gida. Da rani sai a kwashe a loda a mangala, jaki ya kai gona, a zuba tsibi tsibi. Gonar da ta sha taki ta ba da gero da dawa, ta ba da wake da gyaɗa a tsakaninsu. Mutane su ci tsabar, a ɗaure harawar a ɗora bisa itace ko bisa soro, dabbobi su ci da rani, su sake mayar da ita taki. Haka abin ke juyawa, ba abin da ke zubewa banza.

Birni ma yana cikin wannan juyi. Dawakan sarakuna, da awakin unguwanni, da tokar murhu, da sharar kasuwa, duk taki ne ga manomi. Baƙauye ya kan shigo da sassafe da jakinsa ɗauke da itacen wuta ko kara ko harawa, ya sayar, ba ya kuwa yarda jakin ya koma ba kaya, sai ya cika mangala da taki. Wani ya saya, wani a ba shi kyauta don ya share wa masu gida wuri. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi binciken karkarar Kano cikin shekarun 1960, ya tarar da wannan ciniki yana nan da ƙarfinsa, ɗaruruwan jakai suna fita ta ƙofofin birni da taki kowace rana. Gwargwadon kusancin gona da ganuwa, gwargwadon takin da ta ke samu, domin jaki yana da iyakar tafiyar da zai yi ya komo a yini. Wannan ne ya sa ƙauyukan da ke bakin Kabuga da Dukawuya, irin su Ɗorayi, suka iya ɗaukar jama'a mai yawa a kan ƙasa kaɗan. A nan kuma a ke gane bambancin mai hali da marar hali. Mai jaki da awaki gonarsa tana ƙara kyau kowace shekara. Wanda ba shi da su, wani lokaci har ɗan takin da ya tara ya kan sayar don ya ci abinci, gonarsa ta ƙara mutuwa, baɗi ya fi bana shan wuya.

Fulani ma suna da nasu rabo. Bayan kaka, sa'ad da aka kwashe amfanin gona, manomi mai hali ya kan gayyaci Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su kwana a wurin, ya ba shi hatsi ladan takin. Matan rugar su shiga gari da ƙorai, su sayar da nono da man shanu, su sayi gero. Furar da mutumin birni ya ke damawa da rana, geronta na manomi ne, nononta na makiyayi. Domin shanu su wuce da damina ba su taɓa shuka ba, aka bar burtali tsakanin gonaki, aka shinge shi dama da hagu.

Ko bayan an yanka akuya ba ta gama biya ba. Fatarta ta kan je majema, dukawa su rina ta ja ko rawaya, fataken Gadamus da Tarabulus su ƙetare Sahara da ita. A Turai an daɗe ana kiranta fatar Maroko, alhali kuwa da yawanta daga ƙasar Hausa ta fito, musamman ta jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi.

To, sai aka shiga shekarun da suka gwada wannan tsari. Cikin 1887 ciwon bushiya ya shigo Afirka ta bakin Bahar Maliya, tare da shanun da sojan Italiya suka sauke a Masawa. Ya yi ta cin ƙasa yana yowa yamma, wajen 1890 zuwa 1891 ya iso ƙasar Hausa. A wurare da yawa cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ta tsira. Fulani suka sa wa annobar suna Sannu, saboda gaisuwar ta'aziyyar da aka yi ta yi musu. Mutumin da ya kwana da garke ya wayi gari da sanda kaɗai. Nono ya yi wuya, takin shanu ya yanke. Ba a farfaɗo daga wannan ba sai ga basasar Kano, tsakanin Tukur da Yusufawa, daga 1893 zuwa 1895, rundunoni suna bin ƙauyuka suna cin abin da suka tarar. Awaki da tumaki ciwon bai yi musu irin ɓarnar da ya yi wa shanu ba, ga su kuma da saurin yaɗuwa, saboda haka su suka riƙe gonakin gefen birni har shanu suka sake taruwa.

Ran da Turawa suka zo, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa. Kanar Morland ya taso daga Zariya, ya ci Bebeji a hanya, ya iso ganuwa ta kudu, bindigoginsa suka kasa yi mata kome saboda kaurinta. Sai ya zagaya yamma ya fasa Kabuga. Abin da sojansa suka fara takawa a cikin birni gonaki ne da makiyaya, sai da suka yi tafiya kafin su kai gidaje. Cikin waɗanda aka bar wa tsaron gari akwai Sarkin Shanu, mai riƙe da sarautar nan da Kutumbi ya kafa, ya kuwa tsaya a gidan Sarki ya yi yaƙi har aka kashe shi, Allah ya ji ƙansa. Ƙyauren ƙofar yana ajiye a Gidan Makama. Daga wannan rana ganuwa ta daina tsare kowa daga hari, amma jakai ba su daina bi ta ƙofar ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, shekara ta biyo baya cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shigo hannun manoma irin yadda ba su saba gani ba. Da yawa suka ƙara wa gyaɗa fili cikin 1913. A wannan shekara kuwa ruwa ya ƙi. Abin da aka auna a Kano bai kai inci 20 ba, alhali a shekara mai kyau ya kan wuce inci 30. Gero ya ƙone a tsaye, dawa ba ta fitar da kai ba. Kafin damina ta 1914 ta kankama rumbuna sun ƙare, ga kuma mutanen arewa suna ta kwararowa birni neman abinci. Wannan ita ce yunwar da a ke kira Kakalaba, dubban mutane suka mutu cikinta a ƙasar Kano.

Ya kamata a tsaya a duba yadda gida ke faɗuwa a irin wannan shekara, gama ba dare ɗaya ya ke faɗuwa ba, hawa hawa ne. Da fari a rage tuwo, a koma sau ɗaya a yini, a ƙara da tafasa da rama da zogale. Sa'an nan a kai kaji kasuwa. Sa'an nan bunsuru da rago, domin ba su haihuwa. In abin ya yi tsawo sai uwar gida ta kwance akuyarta mai ciki, tana ji tana gani, ta miƙa wa yaro igiyar. Dusar da a da a ke zuba wa dabbobi, yanzu mutane ke dafa ta. Bayan awaki sai jaki, wanda shi ne ƙafar sana'ar mai gida. In jaki ya tafi, abin da ya rage shi ne a jinginar da gona, in ta tafi kuwa sai a rufe ƙofa a shiga duniya. Kowace dabba da ke turke matakala ce tsakanin gida da wannan ƙarshe. Gidan da ke da awaki biyar yana iya kaiwa ga sabon gero da gonarsa a hannunsa. Gidan da ba shi da ko ɗaya, daga rumbu sai jingina.

Amma kada a ɗora wa akuya abin da ya fi ƙarfinta. A shekarar yunwa kowa sayarwa ya ke yi, ba mai saye, dabbar ma ta rame don ba ciyawa. Kuɗinta ya faɗi daidai lokacin da kuɗin hatsi ya ke hawa, har abin da a da zai sayi damin dawa ya koma 'yan mudu kaɗan. Mai wayo shi ne wanda ya duba sama tun da wuri, ya sayar kafin kasuwa ta cika, ya sayi hatsi ya ɓoye. Mai hatsi a rumbu kuwa, a irin wannan shekara ya ke tara garke da araha, ya kuma karɓi gonakin maƙwabta jingina. Haka aka sake gani cikin yunwar 1927, da ta 1942 wadda a ke kira 'Yar Gusau. Yunwa ta kan wuce, amma dukiyar da ta sauya hannu ba ta cika komowa ba.

A zamanin En'e an yi ƙoƙari wajen lafiyar dabbobi, ko da ya ke saniya aka fi kula da ita, domin ita ke kawo jangali Baitulmali. An kafa wurin binciken ciwon dabbobi a Bom, kusa da Jos, cikin 1924, daga can a ke kawo maganin allurar bushiya. Da fari Fulani sun yi ta gudu, ba kuwa don wauta ba: sun lura wanda ya kai shanunsa allura ya kai su ƙidaya ne. Da suka ga garken da aka yi wa yana tsira, sai suka riƙa kawowa da kansu. An kuma koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda fata ba, da shanya ta a inuwa maimakon a ƙasa cikin rana, don ta yi daraja a kantunan Turawa. A Kano ne aka yi taro cikin 1961 aka shirya gangamin allurar bushiya na ƙasashe da yawa, aka fara shi cikin 1962 a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Ciwon ya sake dawowa da ƙarfi cikin 1983, amma daga bisani aka ci ƙarfinsa, har cikin 2011 aka ba da sanarwa ya ƙare a duniya duka.

Abin da hari da annoba da yunwa ba su iya yi wa gonakin Kabuga ba, gini ya yi. A ƙidayar 1952 mutanen Kano wajen 130,000 ne, a ta 1963 sun kusa 300,000, a ta 2006 kuwa birni da kewaye sun haura miliyan biyu da rabi. Cikin shekarun 1960 aka yanki fili a bayan ganuwa, tsakanin Kabuga da Dukawuya, aka gina Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero cikin 1977. Baturiyar nan Polly Hill ta yi bincike a Ɗorayi cikin 1971 da 1972, ta tarar da manyan gidaje cike da jama'a, kowane taƙi na ƙasa ana nomansa, ga magidanta da yawa waɗanda gonarsu ba ta isa ta ci da su. Ba ta daɗe da tafiya ba sai ga farin 1972 zuwa 1974, sa'an nan cikin 1975 cuta ta halaka gyaɗa, harawarta ta ragu tare da ita. Cikin 1978 aka yi dokar da ta mayar da ikon ƙasa hannun gwamnan jiha. Daga nan aka yi ta yanka gonaki filoti filoti. Jami'ar ta buɗe sabon mazauni can gaba a hanyar Gwarzo, unguwanni suka bi ta, Janbulo da Tudun Yola da Rijiyar Zaki har Rimin Gata. Filin da Wambai Giwa ya kewaye a cikin ganuwa shi ma gidaje suka cinye shi, aka cike kududdufai da yawa aka yi gini a kansu. Burtali ya zama lungu.

Manomin da aka biya diyya ko ya sayar da gonarsa, kuɗi ya gani a hannu, wani ya gina ɗakunan haya, wani ya sayi gona a nesa, da yawa kuwa kuɗin suka narke cikin biki da bashi. Abin da ya tabbata shi ne gidan da a da ya ke ɗiban tsaba a rumbu, yanzu a kwano ya ke aunowa a kasuwa. Duk da haka mutane ba su bar kiwo ba. Wanda ya shiga gidajen Ɗorayi ko na cikin birni zai tarar da akuya biyu ko uku a ɗaure a wani saƙo, ko rago ana turka shi don Babbar Salla. Aikinsu na dā yana nan: su ne a ke kwancewa in kuɗin makaranta ya taso, ko aka rubuta magani a asibiti, ko hatsi ya yi tsada irin yadda ya yi bayan an janye tallafin man fetur cikin 2023. Sai dai hannu ɗaya na juyin ya yanke. Harawa da dusa, waɗanda gona da turmi ke bayarwa kyauta, yanzu da kuɗi a ke saye, a mota a ke kawo su daga ƙauyuka masu nisa, tuwon ma a inji a ke niƙa shi. Matar da ke kiwon rago sai ta yi lissafi da kyau, in ba haka ba abin da ya ci ya fi abin da zai kawo. In ta sake shi ya nemi abinci a titi, ga mota, ga ɓarawo, ga leda a juji, wadda in dabba ta haɗiye ta ke dunƙulewa a tumbinta, ta yi ta ramewa ba a san dalili ba sai mahauci ya farka cikin.

Taki kuwa har yanzu yana fita ta hanyar Gwarzo, amma a tifa, zuwa gonakin da suka fi ƙarfin tafiyar jaki. Manoman wajen Rimin Gado da gaba suna nemansa, balle da takin zamani ya yi tsada. Sai dai sharar birni ta yanzu ba irin ta dā ba ce. In mota ta juye, manomi da 'ya'yansa su kan yi kwanaki suna tsince leda da roba da fasassun kwalabe, su tara gefe su sa wuta, kafin su baza abin da ya rage a gona.